Bizar zama a Amurka: Takardun da ma'aurata za su tanada kafin a kira su Legas

A unguwannin Hausawa na Legas da Ibadan da Abuja ba a rasa gidan da aka ɗaura wa 'yarsu aure, ango ya koma Amurka bakin aiki, amarya kuma ta zauna jiran takardu. Wata tara ya zama shekara biyu, wani lokaci har da goyo, mahaifin bai taɓa ganin ɗansa ba sai ta waya. Wani ɓangare na wannan jira ba ya hannun iyali, domin layin yana da tsawo, dokokin Amurka kuma suna sauyawa da sauyin gwamnati. Amma akwai jinkirin da daga gida yake tasowa: sunan da ya bambanta tsakanin fasfo da takardar haihuwa, sakin da aka yi da baki ba a rubuta ba, ko harajin da maigida bai cike ba. Wannan kam ana iya maganinsa tun kafin a biya ko dala ɗaya.

Bayanin da ke tafe ya ɗauka miji ne a Amurka, mata a gida. Idan matar ce a can, ƙa'idojin ba su canja ba.

Yadda tafiyar take

Mataki na farko a Amurka ake yin sa. Wanda yake ɗan ƙasa, ko mai katin zama na dindindin da aka fi sani da girin kad, zai cike fom I-130 ya miƙa wa hukumar shige da fice ta USCIS, yana neman a amince cewa aurensa na gaskiya ne. Daga watan Afrilun 2024 kuɗin fom ɗin dala 675 ne a takarda, dala 625 ta intanet. Idan an amince, fayil ɗin zai wuce Cibiyar Biza ta Ƙasa, wato NVC, da ke garin Portsmouth a jihar New Hampshire. A nan ne ake biyan dala 325 na neman biza da dala 120 na duba takardar ɗaukar nauyi, matar ta cike fom DS-260 ta intanet, sannan a ɗora hotunan dukkan takardu. Sai NVC ta gamsu ne ake shiga layin ganawa. A Najeriya ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Victoria Island a Legas ne ke kula da bizar zama, ko da mutum a Abuja yake zaune.

Ya kamata iyali su san cewa ƙofar tana rufewa tana buɗewa. A watan Janairun 2020 Shugaba Donald Trump ya dakatar da ba 'yan Najeriya bizar zama, Shugaba Joe Biden ya ɗage dakatarwar a Janairun 2021, sannan a Disambar 2025 aka sake sanya Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza. Don haka kafin a kashe kuɗi a kowane mataki, a duba shafin ofishin jakadancin a ga halin da ake ciki. Duk da haka kada a yi watsi da fayil ɗin da ya riga ya kai NVC. Doka ta ba da damar soke shi idan aka yi shekara guda ba a tuntuɓi cibiyar ba, kuma wanda ya bari hakan ta faru zai iya komawa farko.

Takardar ɗaukar nauyi alkawari ce da kotu ke iya tilastawa

Zuciyar takardun kuɗi ita ce fom I-864. Mutane da yawa suna sa masa hannu kamar sauran fom-fom, alhali yarjejeniya ce tsakanin mai ɗaukar nauyi da gwamnatin Amurka. Wanda ya sa hannu ya yi alkawarin cewa matarsa ba za ta rayu ƙasa da kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya ba. Idan ta karɓi wasu nau'o'in tallafin gwamnati na marasa ƙarfi, hukumar da ta bayar tana iya bin sa kuɗin. Idan ya daina kula da ita, tana da ikon kai shi kotu.

Abin da ya fi ba mutanenmu mamaki shi ne saki ba ya warware wannan alkawari. Yana ƙarewa ne kawai idan matar ta zama 'yar ƙasa, ko ta tara zangon aiki 40 wanda ya kai kimanin shekara 10, ko ta bar Amurka ta rasa matsayinta na mazauniya, ko kuma ɗayansu ya rasu. Iyayen amarya su riƙe wannan, domin kariya ce ga 'yarsu a ƙasar da ba ta da dangi. Shi ma ango ya san abin da ya ɗauka.

Mai ɗaukar nauyi dole ya kai shekara 18, kuma ya zama a Amurka yake da mazauni. Ɗan ƙasar da ya daɗe yana zaune a Najeriya sai ya nuna cewa bai yanke alaƙa da can ba, ko kuma yana shirin komawa kafin matarsa ko tare da ita, ta hanyar takardar samun aiki, yarjejeniyar hayar gida ko asusun banki mai motsi.

Nawa ake bukata

Ana sabunta ma'aunin kowace shekara, ana kuma wallafa shi a fom I-864P. A lissafin 2025, gidan mutum biyu yana bukatar dala 26,437 a shekara, na mutum uku dala 33,312, na mutum huɗu dala 40,187. Jihohin Alaska da Hawaii nasu ya fi haka. Sojan da ke bakin aiki kuma yake neman matarsa, kashi 100 ake nema a wurinsa.

Wurin ƙirga mutanen gida ake yawan tuntuɓe. Maigida zai ƙirga kansa, da matar da yake nema, da 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 21 ba ko da a Najeriya suke, da duk wanda ya rubuta a takardar harajinsa cewa yana ƙarƙashinsa, da duk wanda ya taɓa sa wa hannu a irin wannan fom kuma alkawarin bai ƙare ba. Wanda ya ɗauko mahaifiyarsa shekara uku da suka wuce, ita ma tana cikin lissafi.

Shaidar samun kuɗi kuwa daga hukumar haraji ta IRS take farawa. Ana bukatar bayanin harajin shekarar da ta gabata, kuma mafi sauƙi shi ne a sauko da taƙaitaccen bayanin da IRS take bayarwa kyauta a shafinta. Wanda ya zaɓi tura kwafin fom 1040 sai ya haɗa da dukkan takardun W-2 ko 1099 na wannan shekara. Ana iya ƙarawa da na shekara biyu kafin ta idan za su ƙarfafa fayil ɗin. A haɗa da takardun albashi na watannin baya-bayan nan da wasiƙar wurin aiki mai nuna matsayi da albashi. Wanda bai cike haraji ba alhali ya wajaba a kansa, sai ya je ya cike na baya tukuna. Wanda doka ba ta wajabta masa ba, zai rubuta bayanin dalili.

Masu sana'ar kansu, kamar direbobin Uber da masu ƙananan shaguna, su lura da wani tarko. Abin da ake dubawa shi ne kuɗin da ya rage a takardar haraji bayan an cire kuɗin mai da gyaran mota da sauran ɗawainiyar sana'a. Direban da ya tara dala 50,000 amma ya rubuta cewa ya kashe 30,000, a idon mai duba fayil dala 20,000 yake samu. Dabarar da ta rage masa haraji bara ita ce za ta hana matarsa zuwa bana.

Idan kuɗin bai kai ba

Hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce dukiya: kuɗin ajiya a banki, hannun jari, ko abin da ya rage na darajar gida bayan an cire bashin da ke kansa. Sharaɗin shi ne a iya mayar da ita kuɗi cikin shekara ɗaya. Ɗan ƙasa mai neman matarsa zai nuna dukiyar da ta ninka giɓin sau uku, mai girin kad kuma sau biyar. Misali, a lissafin 2025 gidan mutum uku yana bukatar dala 33,312, maigida yana samun 30,000, giɓin ya zama 3,312. Ɗan ƙasa zai nuna dala 9,936, mai girin kad 16,560. Dukiyar matar ma tana iya shiga, amma filin gado a ƙauye wanda ba shi da takarda kuma 'yan'uwa goma ke da haƙƙi a ciki ba zai yi amfani ba. Haka kuɗin da aka aro aka zuba a asusu mako guda kafin a buga bayanin banki, domin ana duba tarihin asusun.

Ta biyu ita ce ɗan'uwa baligi da ke zaune gida ɗaya da maigida, ya haɗa albashinsa ta fom I-864A. Ta uku ita ce abokin ɗaukar nauyi, wanda ba dole ya zama dangi ba, amma dole ya zama ɗan ƙasa ko mai girin kad da ke zaune a Amurka, kuma kuɗinsa shi kaɗai ya ishi gidansa da matar da ake nema. Ba a haɗa rabin na miji da rabin na aboki. Ko da an samu abokin, shi ma mijin sai ya cike nasa I-864. Amana ta bukaci a gaya wa wannan bawan Allah gaskiyar abin da zai sa wa hannu, domin duk abin da ya hau kan miji ya hau kansa.

Takardun gida

A ɓangaren matar, ana bukatar fasfo wanda zai rage da aƙalla wata shida bayan ranar da ake sa ran shiga Amurka, da hotuna masu faɗin inci biyu da tsawon inci biyu, da takardar haihuwa, da takardar aure, da shaidar 'yan sanda.

Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake nufi. Katin asibiti ko takardar raɗin suna ba sa maye gurbinta. Wadda ba a yi wa rajista tana ƙarama ba, hukumar tana ba da takardar tabbatar da haihuwa, yawanci bayan an yi rantsuwar shekaru a kotu. Shaidar 'yan sanda kuwa tana kan duk wanda ya kai shekara 16. Rundunar 'yan sandan Najeriya ce ke bayarwa, ana nema ta shafin POSSAP, a ɗauki zanen yatsu. Wadda ta yi shekara ɗaya ko fiye a wata ƙasa bayan ta kai 16, kamar masu karatu a Sudan ko Masar ko Malesiya, ta duba ƙa'idar wannan ƙasa a shafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, domin galibi ita ma sai an kawo tata, kuma samunta daga nesa yana cin lokaci. Duk takardar da aka rubuta da Larabci ko Hausa sai an fassara ta zuwa Turanci, mai fassarar ya sa hannu cewa ya iya harsunan biyu kuma fassarar daidai take.

Kafin a tura komai, a shimfiɗa takardun a kan tabarma a karanta su ɗaya bayan ɗaya. A wurinmu ba abin mamaki ba ne mace ta zama Aishatu Muhammad a takardar haihuwa, Aisha Mohammed a fasfo, A'isha da sunan garinsu a takardar makaranta, sannan ta ɗauki sunan miji a katin banki. Haka shekarar haihuwa, wani an rage masa a makaranta, wani an ƙara masa wajen neman aiki. Jami'in da ke duba fayil bai san al'adarmu ba, abin da yake gani shi ne mutum biyu ko uku. A daidaita abin da za a iya daidaitawa a hukumar da ta ba da takardar, abin da ya gagara a yi masa rantsuwa a kotu, kuma a rubuta duk sunayen da aka taɓa amfani da su a DS-260. Fom ɗin yana tambayar shafukan sada zumunta na shekara biyar da suka wuce, su ma a faɗa yadda suke.

Ɗaurin aure, saki da zama da kishiya

Amurka tana karɓar auren da ya halatta a inda aka ɗaura shi, har da na Musulunci, muddin akwai takardar shaida daga hukumar da aka sani. Amma abubuwa uku na al'adarmu suna bukatar kulawa.

Na farko, wakilci. Dokar shige da fice ta Amurka ba ta ɗaukar auren da aka ɗaura alhali ango da amarya ba sa wuri ɗaya, sai idan sun tare bayan ɗaurin auren. Idan an ɗaura a masallaci ango yana Houston wakilinsa ya karɓa masa, to kada ya cike I-130 sai ya zo gida sun zauna tare. Ya adana tikitin jirgi da hatimin shiga da fita na fasfonsa da hotunan zaman.

Na biyu, auren baya. Kowane ɗaya daga cikinsu da ya taɓa aure sai ya kawo shaidar ƙarewarsa, ko takardar saki ko ta rasuwa. Sakin da aka furta a ɗaki, ko aka rubuta a fallen littafi aka ba yaro ya kai, bai isa ba. A je kotun da ke da hurumi a samo takardar tabbatarwa mai ɗauke da ranar sakin, kuma ranar ta riga ranar sabon aure.

Na uku, mace fiye da ɗaya. Dokar Amurka ba ta san aure na biyu ba matuƙar na farko yana nan, kuma ta haramta shiga ga wanda zai je ya zauna da mata fiye da ɗaya. Mai uwargida da yake son ɗauko amarya ba zai samu ba. Wasu kan ba da shawarar a yi sakin takarda ko a ɓoye uwargida da 'ya'yanta. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda aka kama ya yi ƙarya a kan muhimmin abu don samun biza ana iya haramta masa shiga har abada, auren bogi kuma hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara biyar da tarar dala 250,000.

Bayan takardar aure, ana son ganin alamun zaman aure: hotunan biki da dangin ɓangarorin biyu, rasiɗin kuɗin cefane da ake turowa, tarihin kira da saƙonni, takardun haihuwar 'ya'ya. Kunya ba ta da wuri a nan. Matar da ba ta iya faɗin sunan mijinta a gida, a gaban jami'i dole ta san cikakken sunansa, da aikinsa, da garin da yake, da ko ya taɓa aure.

'Ya'ya

Idan mijin ɗan ƙasa ne, 'ya'ya ba sa bin fayil ɗin uwa, kowane sai an cike masa nasa I-130. Agola ma ana iya nema masa, idan an ɗaura auren kafin ya kai shekara 18. Idan mijin mai girin kad ne, 'ya'ya marasa aure 'yan ƙasa da 21 suna iya bin uwarsu. Jaririn da aka haifa bayan uban ya zama ɗan ƙasa kuwa, mai yiwuwa shi ma ɗan ƙasa ne tun haihuwa idan uban ya cika sharaɗin shekarun zama a Amurka. Irin wannan rajistar haihuwa da fasfo ake nema masa a ofishin jakadanci.

Gwajin lafiya

Likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi ne kawai ke yin gwajin, sakamakon wani asibiti ba ya aiki komai girmansa. Ana ɗaukar hoton ƙirji don tarin fuka, ana gwajin wasu cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, ana tambayar tarihin lafiya, ana kuma duba rigakafi irin na ƙyanda da shan inna da sarƙewar haƙora da ciwon hanta nau'in B. Duk mai katin rigakafi, nata ko na yara, ta tafi da shi. Tun 2010 an cire cutar ƙanjamau daga jerin cututtukan da ke hana biza.

Idan hoton ƙirji ya nuna alama, za a karɓi majina a yi gwajin da ke ɗaukar kusan mako takwas, idan kuma an samu cutar sai an gama magani. Mai tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa gara ta je asibiti tun yanzu, maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Mai juna biyu ta faɗa wa likita kafin komai, domin akwai allurar da ba a yi wa mai ciki, hoton ƙirji ma sai da yardarta da kariya ta musamman. Sakamakon gwajin yawanci wata shida yake aiki, kuma wa'adin bizar a kansa yake rataye, don haka ba a yin sa sai an samu ranar ganawa.

Ranar zuwa Legas da abin da ke bayanta

Daga farkon 2025 ofishin na Legas ya tsara zuwa sau biyu, na farko don duba takardu, na biyu don ganawa. Masu tasowa daga nesa su yi tanadin masauki da kuɗin mota. A tafi da ainihin kowace takarda da kwafinta. Idan wani abu ya ɓace, za a ba da takarda a ƙarƙashin sashe na 221(g) mai bayyana abin da ake nema, kuma a kawo shi da wuri. Kada a sayar da kayan ɗaki, ko a ajiye aiki, ko a sayi tikiti sai fasfo ya dawo da biza a ciki. Bayan nan akwai dala 235 da ake biya wa USCIS don buga katin.

Idan auren bai kai shekara biyu ba ranar da matar ta shiga Amurka, katin shekara biyu za a ba ta mai sharaɗi, kuma cikin kwana 90 kafin ya ƙare sai su cike fom I-751 tare, da sababbin shaidun zaman aure. Don haka tarin takardu bai ƙare da saukar jirgi ba. Matar ta riƙe fasfonta da kwafin komai a hannunta. Idan zama ya yi tsami har da duka ko cin zarafi, dokar Amurka ta ba ta damar neman tabbatar da zamanta ba tare da sa hannun mijin ba.

Abu na ƙarshe shi ne 'yan "kawo in cike miki" da ke zaune a shagunan intanet. Babu wanda ke da hanyar ciki a ofishin jakadanci, kuma duk abin da wani ya rubuta da sunanki, ke za ki yi rantsuwa a kansa. In har za a nemi taimako, a nemi lauyan shige da fice mai lasisi a Amurka, musamman idan akwai tsohon aure, ko an taɓa hana biza, ko an taɓa shiga hannun hukuma. Lambar fayil da kalmar sirri su zauna a wurin miji da mata kawai, kuma kowane fom a karanta shi tare, layi bayan layi, kafin a tura.